DANDALIN MALAM AMINU KANO NA DUTSE: ME SUNAN YAKE TUNA MANA?

Ina so in yi amfani da wannan fili da mujallarmu ta ba ni in yi tsokaci a kan wani wuri da yawancinmu muka sani, watau babban filin taron nan mai kusurwa uku da ke Dutse, wanda ake kira Dandalin Malam Aminu Kano.

A nan ake yin faretin bukukuwa da manyan tarurrukan gwamnati da na jam'iyyu. Ɗan acaɓa ya san shi, mai sayar da rake ya san shi, baƙo ma da shi ake yi masa kwatance. Amma idan ka tsayar da yaro ɗan sakandare ka tambaye shi wane ne mai sunan, kuma me ya yi har aka raɗa wa filin sunansa, sai ka ji abin da zai sanyaya maka jiki. Wani zai ce tsohon gwamna ne, wani zai ce mai filin jirgin saman Kano ne. Wannan shi ne dalilin rubutun nan.

YADDA MUKE TUNAWA DA MAZAN JIYA

Kowace al'umma da irin hanyar da take bi ta ajiye tarihinta a bainar jama'a. A Inugu, alal misali, akwai mutum-mutumi a kan shataletale domin tunawa da ma'aikatan haƙar kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a ran 18 ga Nuwamba 1949, saboda sun nemi haƙƙinsu. A Soweto ta Afirka ta Kudu an gina wurin tunawa da Hector Pieterson da sauran 'yan makarantar da aka kashe a ran 16 ga Yuni 1976, lokacin da suka yi wa gwamnatin wariyar launin fata bore. A birnin Washington na Amurka kuwa, a 2011 aka buɗe wani ƙaton dutse da aka sassaƙa da siffar Martin Luther King.

Mu a ƙasar Hausa ba mu bi wannan hanya ba, kuma dalilin a bayyane yake. Malamanmu na addini sun hana sassaƙa siffar abu mai rai, saboda haka da wuya ka ga gunkin wani gwarzo a tsakiyar gari. Sai dai wannan bai sa mun zama marasa fasaha ba. Tun kafin zuwan Musulunci mutanen wannan yanki suke zane a jikin dutse. Shanun da aka zana a Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, waɗanda masana suka fara nazarinsu a shekarun 1950, suna nan har gobe suna ba da shaida. Bayan haka hannun magina da masu zayyana ya koma ga dagi da zanko da rubutun Larabci, irin adon da ke jikin bangon fadar Garu a nan Dutse, wanda duk wanda ya gan shi sai ya tsaya ya ƙara kallo.

To, da yake ba ma sassaƙa mutum, sai muka riƙe sunansa. Muna raɗa shi ga ƙofa, ko unguwa, ko makaranta, ko fili, ko jariri. Mawaƙa su sa shi a waƙa, masu fenti su rubuta shi a bayan babbar mota tare da wata karin magana, teloli da masu shayi su manna hotonsa a bangon rumfa. Abin da gunki yake yi wa wasu, shi suna yake yi mana. Amma akwai bambanci guda. Gunkin mai haƙar kwal riƙe da diga yana ba da rabin labarinsa ko da babu mai bayani. Suna kuwa ba ya magana, sai an samu wanda ya san labarin ya faɗa.

ZALUNCIN DA AKA YI WA TSAYE

Idan ana maganar wariyar launin fata, hankalinmu kan tafi Afirka ta Kudu ko Amurka, mu manta cewa a nan gida ma an ɗanɗana mana irinta. Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. A watan Afrilu 1906 suka auka wa Haɗejiya, inda Sarki Muhammadu, wanda tun daga ranar ake kira Mai Shahada, ya ƙi miƙa wuya, ya yi yaƙi har aka kashe shi tare da jarumansa masu yawa. Daga nan ƙasar ta zama tasu.

Tsarin da suka kafa hawa uku ne. Bature yana can sama, Razdan da Di'o, suna zaune a bariki nesa da gari, da kulob ɗinsu da asibitinsu wanda baƙar fata ba ya shiga sai in aiki ya kai shi. A tsakiya akwai hukumar En'e, watau sarki da hakimai da dagatai da alƙalai da 'yan doka. A can ƙasa kuma sai talaka, wanda shi ne jakin da ke ɗauke da kowa. A wancan zamani Dutse da Birnin Kudu da Jahun da Ringim duk gundumomin hakimai ne a ƙarƙashin En'e ta Kano.

Hikimar Bature ita ce ba ya zuwa ƙofar gidanka da kansa. Shi ne zai yanka haraji da jangali, amma ɗan uwanka ne zai zo karɓa. Wanda ya kasa biya a shanya shi a rana, ko a sayar da akuyarsa, ko ya gudu ci rani ya bar iyali. Bafulatani ya kwana yana ɓoye shanu a daji saboda masu ƙirga. Ga aikin tilas na gyaran hanya da ɗaukar kayan Bature daga zango zuwa zango, ga noman gandun masu mulki ba ko sisi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙara da abin da kakanninmu suka kira ɗiban gwamna, inda aka riƙa kwasar ƙarti daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza a Jos, da dama kuma sanyi da cuta suka kashe su a can. Ita kuwa gyaɗar da aka riƙa lodawa a tashoshin jirgin ƙasa irin su Ringim, a kan layin da ya isa Nguru a 1930, manomi ne ya sha ranarta, amma kamfanonin Turawa ne suke yanka mata farashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

NEPU DA AƘIDAR SAWABA

A ran 8 ga Agusta 1950 wasu samari takwas suka taru a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Ɗambatta, da Mudi Sipikin, da Abdulƙadir Ɗanjaji, da Baballiya Manaja, da Musa Kaula. Ya kamata 'yan uwa su lura da abu biyu a wannan jeri. Na farko, babu sunan Malam Aminu a ciki, domin a lokacin yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru. Sai daga baya a cikin shekarar ya ajiye aiki ya shigo, kuma a 1953 ya zama shugabanta. Na biyu, Bello Ijumu Bayerabe ne daga ƙasar Kabba. Tun ranar farko tafiyar ba ta ƙabila ba ce.

Shi Malam Aminu an haife shi a 1920 a gidan malamai da alƙalai na birnin Kano. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauchi inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, ya kuma je Landan ƙaro ilimi a 1946. Da ya so, da ya zauna cikin inuwar En'e ya ci arziƙinsa har ya mutu. Malamanmu, ina jin za ku fi kowa jin daɗin wannan: mutumin da aka sa wa babban filin jiharmu sunansa malamin makaranta ne, mai alli da allo kamarku.

Jam'iyyar ta fitar da takardar aƙidarta da aka sani da sanarwar Sawaba. Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne, talaucin da talakan Arewa yake ciki ba daga sama ya faɗo ba, tsarin mulki ne ya haife shi, kuma talaka ba zai fita ba sai ya karɓi ragamar mulkin da ƙuri'arsa. Suka nemi a gyara En'e, a raba shari'a da son zuciyar masu mulki, a daina aikin tilas, a ba mata ilimi da 'yancin zaɓe. Alamar jam'iyyar tauraro ce. Kalmar sawaba ta yi farin jini har ta tsallaka iyaka, inda jam'iyyar Djibo Bakary ta Nijar, wadda ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, ta ɗauki wannan suna.

Yau da sauƙi mutum ya buɗe baki ya soki gwamna a rediyo ya koma gida ya kwanta. A wancan lokaci kuwa zama ɗan NEPU a ƙauye sayar da rai ne. Ɗan sanda na En'e ne, alƙali na En'e ne, gidan yari ma na En'e ne. Ana iya ɗaure mutum don ya yi lacca ba izini, ko don an ce ya zagi sarki, ko don bai tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa ba. Ana iya ninka masa haraji, a hana shi rumfa a kasuwa, a matsa wa surukansa su raba aurensa. A 1953 aka samu gungun 'yan daba a Kano da ake kira 'yan Mahaukata, waɗanda aikinsu shi ne dukan 'yan NEPU. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta rasu a 2001, an ɗaure ta har sau goma sha shida. Waɗanda suka riƙe jam'iyyar a garuruwanmu ba manyan 'yan boko ba ne. Teloli ne da mahauta da 'yan koli da masu gyaran keke da malaman allo, mutanen da sana'arsu ba ta hannun hakimi, don haka suke da ɗan ƙarfin halin cewa a'a.

NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba. Jam'iyyar NPC ta Sardauna ce ta riƙe Arewa har sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Farko a 1966, ko da yake Malam ya ci zaɓen majalisar tarayya daga Kano ta Gabas a 1959. Amma abin mamaki, yawancin abubuwan da ta nema sun tabbata a hannun wasu. Bayan 1966 gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan sanda da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo kansiloli zaɓaɓɓu, kuma daga wannan shekara matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a.

DAGA TAURARO ZUWA MABUƊI

Da aka dawo siyasa a 1978, Malam ya kafa PRP mai alamar mabuɗi. Wannan zamani da yawa daga cikinmu mun gan shi da idonmu, wasu muna firamare, wasu muna manyan azuzuwa. A zaɓen 1979 jam'iyyar ta ci jihohin Kano da Kaduna. Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Kano, wadda a lokacin ta haɗa da duk ƙasar Jigawa ta yau, a ran 1 ga Oktoba 1979, kuma cikin ayyukansa na farko ya soke haraji da jangali. Alhaji Balarabe Musa ya yi haka a Kaduna. Wanda bai ga yadda mahaifinsa yake rasa barci idan lokacin haraji ya ƙarato ba, ba zai gane girman wannan rana ba. Gwamnatin ta kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci, manya suka koma aji da yamma.

Tarihi ba ya son a yi masa kwalliya, don haka dole a faɗi sauran. Jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, almajirai suka juya wa malaminsu baya. An tsige Balarabe Musa a watan Yuni 1981. A ran 10 ga Yuli na shekarar aka yi tarzoma a Kano, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara a kan siyasa. Malam ya rasu a ran 17 ga Afrilu 1983, ana shirin zaɓe, da baƙin cikin wannan rabuwa. Aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Bai bar dukiyar a zo a gani ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

YADDA SUNAN YA ZAUNA A DUTSE

An ƙirƙiro Jihar Jigawa a ran 27 ga Agusta 1991, aka mai da Dutse babban birninta. Sabon birni yana bukatar tituna da filaye da gine-gine, kowanne kuma yana bukatar suna, kuma sunan da hukuma ta zaɓa yana nuna tarihin da take so a riƙe. A Kano an riga an sa sunan Malam ga filin jirgin sama da asibitin koyarwa, gidansa kuma, wanda ake kira Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, inda mai ziyara zai ga ɗakinsa da kabarinsa.

A nan Dutse, dandalin ya yi fice ne a zamanin Gwamna Sule Lamiɗo, daga 2007 zuwa 2015. Shi kansa ɗan PRP ne tun asali, a ƙarƙashinta ya je majalisar wakilai a 1979. A 2008 gwamnatinsa ta kira Taron Talakawa a Dutse, inda aka ba masu ƙananan sana'o'i da naƙasassu da sauran marasa galihu abin magana su faɗi damuwarsu, manya suna zaune suna saurare. Ita ce kuma ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a kowane wata. Haka nan an raɗa wa wani rukunin gidajen baƙi suna G9, domin tunawa da 'yan siyasa tara, cikinsu har da Rimi da shi Lamiɗon, da suka tsaya wa mulkin Janar Sani Abacha. Ko mutum yana tare da waccan gwamnati ko ba ya tare da ita, wannan mujalla ba ta jam'iyya ba ce, abin da ya shafe mu shi ne an yi ƙoƙarin rubuta tarihin gwagwarmayar talakawa a jikin birnin kansa.

ABIN DA YA RAGE

Sai dai fili da allon suna ba su isa ba. Wanda ya shiga NEPU yana ɗan shekara 20 a 1955, yau ya kai casa'in. 'Yan kaɗan ne suka rage, kuma duk wanda aka kai makwanci ya tafi da abin da ke kansa. Manyan jagorori sun samu filayen jirgi da asibitoci. To, ina telan Kiyawa da aka yi wa bulala a bakin kasuwa? Ina matar Jahun da ta riƙa kai tuwo gidan yari wata shida? Irin waɗannan suna nan a kusan kowane gari, jikokinsu ne kaɗai suke riƙe da sunayensu, wasu jikokin ma kunyar labarin suke ji, suna zaton kakansu laifi ya yi aka ɗaure shi.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya isa darasi. A 2015 ɗalibai suka sa aka cire gunkin Cecil Rhodes daga Jami'ar Cape Town. A 2020, bayan kisan George Floyd a Amurka, masu zanga-zanga a Bristol ta Ingila suka tumɓuke gunkin Edward Colston, wani mai fataucin bayi, suka jefa shi a ruwa, yayin da masu fenti suka cika bangayen birane da hoton wanda aka kashe. Wannan ya nuna cewa abin da aka kafa a bainar jama'a ba ado ba ne kawai. Wata rana 'yan baya za su zo su tambaye shi dalilin tsayuwarsa. Idan akwai amsa ya tsira, idan babu, ko dai a kawar da shi ko a mance da shi. Mu a nan ba gatari muke tsoro ba, mantuwa muke tsoro.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da mu. A ajinmu akwai 'ya'yan hakimai da dagatai, akwai 'ya'yan waɗanda aka ɗaure. Benci ɗaya muka zauna, kwano ɗaya muka ci, bulalar malami ɗaya muka sha. Wasunmu yau suna riƙe da sarauta, kuma suna riƙe da ita da mutunci. Tuna wannan tarihi ba tonon silili ba ne, ba kuma cin fuskar masarauta ba ne. Mai Shahada sarki ne, kuma ya ba da jininsa. Malam Aminu ɗan gidan alƙalai ne. Zaman da muka yi tare a aji ɗaya, shi kansa yana cikin ribar gwagwarmayar. Don haka babu wanda ya fi mu cancantar ya ba da labarin ba tare da gaba ba.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Ina ba shugabannin ƙungiyarmu shawara uku, kuma babu wadda ta fi ƙarfin aljihunmu.

Ta farko, kowane reshe ya wakilta mutum biyu ko uku su zagaya garuruwansu, su zauna da dattawan da suka ga zamanin NEPU, da na ɓangaren NPC ma, su ɗauki muryarsu ko da da wayar hannu ce, su rubuta sunayen waɗanda aka ɗaure ko aka kora, da garinsu da sana'arsu. A tabbatar da kowane suna daga baki fiye da ɗaya kafin a rubuta.

Ta biyu, mu nemi izinin hukumar makaranta a ba mu bango ɗaya. A kira maginan gargajiya su yi masa ado irin na Garu, a rubuta sunayen nan da boko da ajami, tare da taƙaitaccen tarihi da Hausa wanda ɗan aji ɗaya zai iya karantawa. Babu siffar kowa, don haka babu malamin da zai yi ƙorafi, kuma ɗalibai masu hannun zane su sa hannu a aikin.

Ta uku, mu roƙi malaman tarihi na yanzu su riƙa kai ɗalibai dandalin da kuma gidan Mambayya ko da sau ɗaya a shekara, ƙungiya ta ɗauki nauyin mota.

KAMMALAWA

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma a wannan batu, wanda ya tuna bara shi ne zai san darajar bana. Ƙuri'ar da muke jefawa, da 'ya'yanmu mata da suke jami'a, da bakin da muke da shi a gaban hukuma, wasu ne suka biya kuɗinsu da fatar bayansu. Mafi ƙarancin abin da za mu saka musu da shi shi ne mu san sunayensu, mu kuma koya wa na bayanmu.

Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, ya saka wa malamanmu da alheri, ya ƙara haɗa kanmu, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Amin.